Hannun Maigidana a Kwanon Ciyayya

A layinmu na Babura, da an idar da sallar magariba magidanta sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan liman, kowa ya fito da tuwon gidansa, a haɗu a ci kwano bayan kwano. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne. Tun kafin ya auro ni daga Roni yake zama a ciyayyar nan, kuma ba yabon kai ba, kwanona ake fara buɗewa.

Sai ciwon daji ya kama shi a ƙarshen hanji, can kusa da dubura. Ya daɗe yana cewa basir ne, yana ta shan jiƙe-jiƙe, kafin mu je Kano ciwon ya ci wuri. Aka yi masa aiki, aka fito da bakin hanjin ta gefen ciki, aka manna masa jakar da bayan gida yake taruwa. Likita ta ce wuƙa ta cire abin da ido ya gani ne kawai, sauran sai an gasa wurin da na'ura an bi da ƙwayoyi masu ƙarfi, in ba haka ba ciwon zai dawo. Gashin ya ƙona shi har zama ya gagare shi, amma ya daure ya gama. Muka dawo gida da ƙwayoyin da zai yi watanni yana sha.

Su ne suka ɓata masa hannu. Tafin ya yi baƙi ya tsattsage, fata na saɓulewa kamar ɓawon dafaffen dankali. An gaya mana haka zai faru, kuma ba a ɗauka. Na bi matan layi ina yi musu bayani don su gaya wa mazansu, ashe shuka dusa nake yi.

Ranar da ya koma tabarma, yana sa hannu a kwano sai kowa ya ƙoshi. Wannan ya ce ya ci a gidan suna, wancan ya ce cikinsa ba daɗi. Tuwona ya dawo da gurbin loma ɗaya. Washegari aka ajiye masa cokali da ƙaramin kwano a gefe. Raina ya ɓaci, na ce ya zauna mu ci tare a ɗaki, in ba su ci ba cikinsu. Ya ce ni mace ce, ban san zafin a janye wa namiji kwano ba.

Bayan wasu makonni na ga hannun yana warkewa, ni sakarya har da murna. Sai da lokacin komawa asibiti ya yi ya ƙi tafiya, sannan ya faɗa mini gaskiya: kullum in na ba shi ƙwayoyin, masai yake zuba su. Na yi kuka, na yi masifa, na kirawo ƙaninsa daga Kazaure, amma maigidana ya ce mana jikinsa ne.

Da fatar ta koma daidai, ya sa babbar riga ya ɗauki kwanon da kansa. Na laɓe a zaure ina kallo. Ya zauna, ya shimfiɗa musu tafukansa biyu.

"Ku duba, na warke."

Sai maƙwabcinmu na jikin katanga, abokinsa tun suna yara, ya ce:

"Alhaji, ka yi haƙuri, ai dama ba hannun ba ne. Jakar nan ce. Wa zai iya cin abinci da kashi a gefensa?"

Ba wanda ya tsawata masa, har liman. Maigidana ya tashi ya shigo, ya tambaye ni ko da sauran ƙwayoyin. Na ce shi ya fi ni sanin inda suke.

A satin muka koma Kano. Aka ɗauki hoto, likita ta ce ciwon ya kai hanta. Ta tambaye shi dalilin da ya sa ya daina shan magani. Na buɗe baki zan tona mazan layinmu ɗaya bayan ɗaya, ya taka mini ƙafa, ya ce mata mantuwa ce.