Faifanmu na Biyu

Mu huɗu ne, muna kiɗan pank, irin mai sauri da ihu, a wani gareji a unguwar Bulumkutu da ke garin Yerwa. Ni ke buga ganga. Faifanmu na farko ya bazu a wayoyin ɗalibai, har ana tare mu a hanya.

Da muka zo yin na biyu, mawaƙinmu, wani ɗan Yerwa, ya ce ya gaji da ihu. Muka yi ta yawo cikin gari muna ɗaukar ƙarar injin markaɗe da hon ɗin keke napep. Ya ɗora algaita a kai, ya rera da Kanuri, a hankali kamar mai hira.

Muka tara masoyanmu a garejin, muka kunna musu. Can sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yaushe za a fara?"

"Ai wannan ce waƙa ta uku," in ji mawaƙin.

Suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Ba mu yi faɗa ba. Mai jitarmu ya samu aikin koyarwa a Biu, mu kuma ba mu nemi wani ba.