Shanyar Kuɓewa a Kan Farantin Sola

Shekarun baya, ni da wasu abokaina masu wasa da rediyon oba-oba muka haɗa kai muka kafa rifita a kan wani dutse, can bayan garin Dutse. Rifita na'ura ce da ke karɓar murya ta ƙara mata ƙarfi ta cilla ta nesa. Babu wuta a wurin, don haka ni na ɗauki nauyin haɗa sola da batir, ina ta cika baki cewa ko damina ba za ta kashe ta ba.

Wanda ya fi kowa murna shi ne wani dattijo, tsohon malamin makaranta a wani ƙauye gaba da Taura. Idonsa ya tafi, sa'o'insa sun ƙare, hirarmu ta rediyo bayan magariba ita ce fitarsa zance. Sai ga shi rifita ta fara mutuwa kullum yana tsakiyar labari. 'Yarsa ta aiko mana cewa Baba ya daina kunna rediyo, wai ya gane mun gaji da surutunsa ne muke kashewa. Maganar nan ta yi mini ciwo sosai.

Duk Asabar bayan la'asar muke hawa dutsen mu duba. Na zargi waya, na canza. Na zargi batir, abokina ɗan Filato da ke aiki a sakatariya ya taya ni kinkimar sabo, muna hawa yana tsine wa ilimina. Farantin kuwa kullum tas muke samunsa, kamar an goge.

Ran nan haushi ya sa na hau ni kaɗai da rana tsaka. Ina isa na tarar da farantin sola a rufe ruf da yankakkiyar kuɓewa, gefe ga barkono. Wata tsohuwa daga ƙauyen gindin dutsen tana zaune a inuwa tana tsinke zogale. Na gaishe ta, na tambaya cikin ladabi.

Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi wa wanda ya ajiye tiren nan albarka. Ya fi falalen dutse zafi, ga shi ba ƙasa. Kafin la'asar na kwashe, na share muku abinku."

Dariya ta ƙwace mini har na zauna. Ashe shanyar ce ke tare rana, batir ba ya cika, shi ya sa rifita ke mutuwa bayan magariba. Abokina da ya ji, cewa ya yi a kewaye wurin da waya mai ƙaya. Na ce a'a, dutsen nan nasu ne tun kafin a haife mu. Muka sa mai walda ya ɗaga farantin a kan dogayen ƙarafa, muka yi wa Iya gadon shanya da kwanon rufi, muka shafe shi da baƙin fenti. Ta taɓa shi da tafin hannu, ta ce ba laifi.

Da kaina na je har ƙauyensu na ba Baba labari. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe miyar kuɓewa ce kishiyata, ba ku ba." Da magaribar ranar ya kunna, ya yi ta zuba, babu abin da ya katse shi.

Na haɗa sola a gidaje da masallatai da dama bayan nan, amma babu aikin da nake alfahari da shi kamar wannan. Baba ya rasu yanzu. Har ya koma ga Allah, muryarsa ba ta sake yankewa a tsakiyar magana ba.