Linzamin Mahaifina da Na Sa wa Dokin 'Yata

A lokacin ina aikin injiniya, muna zaune a Silver Spring a Amurka da iyalina, kuma in dai maganar doki ce ina ji da kaina. Mahaifina dillalin dawaki ne, a barga na tashi. Na shekara ashirin ban hau ba, amma ban yarda akwai mai koya mini komai ba. Da 'yata mai shekara goma sha biyu ta ce tana son koyon hawa na yi murna, duk Asabar ni ke kai ta wata gona a bayan gari, wajen wata dattijuwar Baturiya mai horar da dawaki.

Bayan shekara biyu aka fara shirya ta shiga gasar hawa irin na makiyayan shanu. Ba gudu ake nema ba. So ake doki ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya tsallake gungume, ya tsaya cak, ya ja da baya, duk ragama a sake kamar ba a riƙe shi ba. Dokin da aka ba yarinyar ya iya komai sai tsayawa, kullum sai ya ƙara taku biyu ko uku. Dattijuwar ta ce a bi shi a hankali, da murya da yanayin zama zai gane. Ni kuwa a raina na ce shagwaɓa dabba kawai ake yi.

A falona akwai linzamin mahaifina a rataye, irin namu na gida mai ƙarfen da ke tokarar ganɗa in an ja. Saura kwana goma gasa, ranar da na san dattijuwar ba ta nan, na jefa shi a jaka muka tafi gonar. Yarinyar ta roƙe ni kada in yi, na ce mata tun ba a haife ta ba nake kan sirdi. Na sa wa dokin linzamin, na hau, na zabure shi, na fizga. Ya tsaya kamar an dasa shi. Na juyo ina murmushi, sai na ga ba ni take kallo ba, bakinsa take kallo. Kumfar ta zama ja.

Raunin ya warke cikin sati uku, amma dokin bai manta ba. Da an taɓa ragama sai ya wurga kai sama yana rawar jiki. Gasa ta wuce ba su. Dattijuwar ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce kada in ƙara ƙetare shingen filin horon. A hanyar gida ranar da abin ya faru, 'yar nan da kullum nake wa faɗa don tana amsa mini da Turanci, da Hausa ta ce mini na ji masa ciwo alhali ya yarda da ita. Shekaru ina jiran Hausa daga bakinta, wannan ce ta fara fitowa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Daga baya na tuna mahaifina bai taɓa fizgar linzamin nan ba, da yatsu biyu yake riƙe ragama. Ƙarfen kawai na gada. Ina kira ga iyaye irina da muka baro gida da guntun sani: in kun damƙa yaro a hannun malami, ku bar shi ya yi aikinsa. Wata takwas 'yata ta yi tana lallashin dokin kafin ya sake sauke kai. Ta yafe mini, amma har ta gama makaranta daga cikin mota nake kallonsu, don da ya ji muryata sai ya kwantar da kunne baya don tsoro.