Dizal Ɗin Yaya Lawal

Katsina zuwa Kano

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a Ƙofar Sauri, ni da yayana Lawal. Ni ƙanƙara nake sayarwa, ina da wani tsohon janareto mai shan dizal kamar aiko shi aka yi ya talauta ni. Shi kuwa Yaya Lawal sana'arsa jin labari. Ya yi kiwon zomo, ya yi tonon zinare, bana kuma wani Alhaji Sambo da suka haɗu wurin ɗaurin aure ya ce masa a ƙasar Gombe ana dafa kwal ya zama dizal, ana neman masu zuba jari. Da a bakinsa abin ya tsaya da ban kula ba. To gonar gadonmu ta Batagarawa yake so a sayar, wadda daga ita Inna ke cin gero da wake.

"Ke za ki fi kowa morewa, Binta," in ji shi. "Janaretonki sai ya sha ya ture."

Na ce hannuna ba ya hawa takardar sayarwa sai idona ya gani. Maigidana ya ce in je in gano.

A tasha Yaya ya kama kujerar gaba, wai mai shirin buɗe masana'anta ba ya zama baya. Kafin mu kai Kankiya ya riga ya yi wa direba alkawarin dizal kyauta. Direban ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, motata dai fetur take sha." A shingen Bichi aka tambayi inda za mu, Yaya ya buɗe baki zai fara lacca, na ce, "Ziyara," aka ɗaga mana hannu.

Kano zuwa Gombe

Da hantsi muka canja mota. Muka bi Wudil, Birnin Kudu, Darazo, ga ramuka ga zafi. A Darazo muka yi sallah, na ci shinkafa da wake mai ɗan karen tsada, man kuwa sai ka rantse nuna mata shi aka yi daga nesa. Da la'asar sakaliya muka shiga Gombe.

Alhaji Sambo ya tarye mu da babbar riga da turaren da ya riga shi isowa. Gaisuwarsa ta fi ta ango tsawo. Ya kai mu wani masauki da ya kira otal, famfo ba ruwa, fanka tana juyi kamar mai jinya. Kuɗin ɗakin ma mu muka biya, har da na tsiren da ya ci ya yi guzuri.

Bayan Kumo

Da safe muka ɗauki hanyar Kumo, daga nan muka hau babura zuwa wani ƙauye. Tun a hanya nake ɗaga kai ina neman dogon bututun masana'anta. Aka sauke mu ƙofar wani gidan ƙasa. Masana'antar tana bayan gidan, kusa da turken awaki: ganga ɗaya a kan murhu, da bututun ƙarfe da ya ratsa ta cikin baho na ruwa, bakinsa a kan kwalba.

Mai gidan, Malam Buba, tsohon malamin kimiyya ne da ya yi ritaya. Ya ba mu tabarma da ruwa, ya cika gangar da kwal ya liƙe bakinta, ya hura wata wutar kwal a ƙasa. Muka zauna. Hayaƙin ya fi ruɓaɓɓen ƙwai wari, awakin ma suka juya mana baya. Har aka kira azahar sannan wani baƙin abu mai kauri ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, kamar ana roƙonsa.

"Kun gani!" Alhaji Sambo ya daka tsalle. "Arziki ke nan yana zuba!"

Yaya har da kabbara. Na ce, "Malam, in na zuba wanga a janaretona, mi zai faru?"

"Za ki nemi wani janareton, Hajiya. Wannan ɗan'uwan kwalta ne."

Alhaji Sambo ya kama tari, amma Malam Buba ya ci gaba. Ya ce gaskiya ne ana yin dizal da kwal, sai dai ba a ganga ba. Sai an mai da kwal ɗin iska, a wanke ta, a matse ta cikin manyan tukwanen ƙarfe da zafi mai tsanani. Masana'antar kan yi girman gari, ta sha ruwa kamar kogi, kuma kwal ɗin da ake ƙonawa don a dafa ɗan'uwansa ba kaɗan ba ne. Ƙasashen da suka yi, yawanci hanyar sayen ɗanyen mai ce ta toshe musu. Da farashin ɗanyen mai ya sauko, sai mai masana'anta ya fara kirga asara. Ya ɗauko wani dutse toka-toka ya ce shi ma akwai mai a cikinsa, amma sai ka fasa tudu guda ka gasa kafin ka cika jarka.

"To jarin da ake nema fa?" in ji Yaya.

"Wane jari? Ni ɗalibai nake nuna wa. Alhaji ya ce mini ku ma masu sha'awar ilimi ne, kamar waɗanda ya kawo kwanaki."

Muka waiwaya. Alhaji Sambo wai waya ta kira shi. Har da baburan da suka kawo mu wayar ta tafi. A ƙafa muka fito titi, Yaya rungume da kwalbar da Malam Buba ya ba shi.

Komawa gida

Na ɗauka kunya za ta rufe masa baki. Ina! Muna wuce Dukku ya sunkuyo ya ce, "Tsohon nan ɓoye sirrin ya yi don ya gan ki. Da ni kaɗai ne da ya faɗa." Na ce ya bari in mun isa ya maimaita wa Inna haka.

Muka kwana Kano gidan ƙanwar babanmu, washegari kafin azahar muna Ƙofar Sauri. Inna ta saurare mu har ƙarshe tana tsintar wake. Ta karɓi kwalbar, ta shinshina, ta kawar da kai.

"Wanga ne za a sayar da gonar ubanku don shi?"

Yaya ya fara, "Inna, ai in aka tace..."

"Lawal, ɗauko tsani. Gara ta dame ni a azarar ɗakin girki, wannan warin ko ita ba ta jure shi."

Haka mai masana'anta ya wuni bisa tsani da tsumma a hannu, yana shafa wa azara dizal ɗinsa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Buba da bai iya ƙarya ba. Gona tana nan, bana ma gero za a shuka.