Hular da Safara'u ta ɗinka

Duk mai bin hanyar Watari da sassafe ya san Baba Uwaisu: tsohon babur mai tari, kwandunan tumatir a baya, da wata hula da ta koɗe har ba a gane launinta. Matarsa Safara'u ce ta ɗinka ta a jinyarta ta ƙarshe, ta ɗora masa da hannunta ba ta ma ƙarasa ɗinkin ba. Tun da aka binne ta, wanka da barci kaɗai ke raba shi da hular nan.

Sai jami'an hanya suka kafa shinge kafin kasuwar Badume, suka ce kowane mai babur sai da hular kwano. 'Yarsa Humaira, malamar firamare, ta sayo masa sabuwa fil. Ya gwada ta a kan hularsa, ta ƙi zama, dole sai an cire ɗaya. Ba a jima ba kaza ta fara ƙwai a cikin kwanon.

Taurin kai kam, Allah ya ba shi har da gyara. Ranar kasuwa wani jami'i ya tare shi.

"Baba, kanka muke tsare maka."

"Kan nawa ne ko na gwamnati? Ramin da ke kan titin nan ya girme ka, shi za ka fara tsarewa."

Jami'in ya ce in ya sake zuwa haka, babur zai kwana a ofis. Babur ɗin nan kuwa shi ne cinsa, don tumatir ba ya jiran kowa.

Humaira ta same shi da kuka. "Baba, na rasa Inna. So kake kai ma in rasa ka a kan kwalta?"

Maganar ta soke shi, don ya san gaskiyarta. Washegari ya sayar da babur, ya sayo jaki.

Yanzu sai rana ta take yake isa Badume, tumatir ya yi laushi, dillalai suna yi masa tayin wulaƙanci. Amma in ya zo shinge sai ya gyara zaman hula ya ce, "Yallaɓai, mai jaki ma sai da kwano?"

Wata rana Humaira ta ga ƙafafunsa sun kumbura saboda bin jaki a ƙasa, ranta ya ɓaci. "Baba, duk wannan wahalar saboda hula?"

Ya shafa bayan hular, daidai inda ɗinkin ya tsaya.

"Kin ce kada ki rasa ni, na sauka daga babur. Ke kuma kada ki ce in sake rabuwa da uwarki."