Hoto na Goma Sha Biyu

Auta ake ce mata har yau, ga shi ta haura arba'in. Shekara bakwai ke nan rayuwarta ba ta wuce ɗaki biyu da tsakar gida ba: nata mai keken ɗinki, da na mahaifinta da ciwo ya shanye wa ɓarin dama. Yayyenta sukan bugo waya su ce Allah ya ba da lada. Ko zare ta fita saya, kafin ta dawo ya gaji da buga sanda a jikin gado.

Mai hoto ne a da, rabin gidajen unguwar akwai aikinsa a bango. Tun da bakinsa ya karkace ya sa aka saki labule, ya ce ba mai sake ganinsa. Likita ya ce a riƙa fito da shi ya sha rana. Auta ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka, ko bakin ƙofa ya ƙi zuwa. Ita kuwa ta san ranar da ya yarda ya zauna cikin mutane, ranar ita ma za ta samu sarari.

Tana neman bargo a saman kabad ta ci karo da tsohuwar kyamararsa, baƙin akwati mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ta saci jiki ta je wurin tsohon abokinsa mai wankin hoto, ya ba ta fim ɗaya.

"Goma sha biyu ne kacal a ciki, 'yata. Ba irin wayarki ba ce."

A gefen gadon Baba ta zauna da gangan, tana kokawa da murfin. Ya juya wa bango fuska. Can dai ya kasa daurewa.

"Takardar fim ɗin! Ja ta a hankali, sai kibiya ta zo kan jan ɗigo. Yauwa. Rufe."

Ta buɗe saman, ta sunkuya ta leƙa gilashin. Ga Baba a ciki, dishi-dishi. Ta karkata dama, ya tafi hagu.

"Baba, guduwa kake yi!"

"Ni da ko tari sai an tallafe ni? Haka take nunawa, a juye. Sannan fim ba ya gani a duhu, ɓata shi za ki yi."

"To ka fito haske."

"A'a."

Ta danna. Ƙyas. Sai da ya runtse ido kamar an tsunkule shi.

Daga ranar, kullum in ta gama goge masa jiki da safe sai ta danna ɗaya a cikin duhun nan, ta murɗa hannun kyamarar. Shi ke ƙirgawa. A na huɗu ya ce ba ta da tarbiyya. A na takwas ya ce shekara arba'in yana aiki bai taɓa zubar da ko hoto guda ba, ya ƙi cin abinci har azahar. Ita ma abin ya dame ta, ta yi ta istigfari, amma ba ta fasa ba.

Ran na ƙarshe ta ɗaga kyamarar.

"Saura nawa?"

"Ɗaya, Baba."

Ya daɗe yana kallon rufi. "Ajiye. Kira kafintan nan na ƙofar gida ku ɗauke ni."

Suka kamo shi a kujera zuwa tsakar gida, ya rufe bakinsa da tawul, idonsa na ruwa saboda rana. Auta ta gyara tsayuwa za ta ɗauka, ya ce, "Miƙo nan." Ta ɗora masa a cinya. Hannun murɗawa yana ɓarin da ya mutu, amma ta riga ta murɗa tun jiya.

"Tsaya jikin bango. Ɗago haɓa."

Ya sunkuya, yana juya maɓallin da hagunsa. Ya yi ta leƙen gilashin har kafinta ya fara gyaran murya.

"Auta, yaushe kika yi furfura?"

"Ta daɗe, Baba."

Tawul ɗin ya zame daga bakinsa, bai ɗauka ba. Ƙyas.

"Murɗe shi duka, ki lashi takardar ki manne," in ji shi. "Ku mai da ni ciki."

Aka mai da shi, aka saki labule. Mako uku ke nan fim ɗin yana cikin gwangwanin zarenta, ba ta samu mai zama da Baba ba balle ta kai wanki. Jiya dai, tana juya shi, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "In kin je wurin mai wankin, ki tambaye shi ko yana da wani fim."