Farfesar da Na Mayar Uwar Ɗaki

Shekarun baya, lokacin ina sabon ma'aikacin bincike a jami'a a Gashuwa, aka fito da wani tsari na raya ƙananan ma'aikata. Kowane ƙarami irina za a haɗa shi da babban malami, ya riƙa duba rubuce-rubucensa yana nuna masa hanya, har ya cancanci gurbin karatun digiri na uku. Gurbin nan shi ne babban burina, domin in ba shi, haka mutum zai tsufa yana ɗebo wa wasu ruwan gwaji a kwalba.

Ni aka haɗa ni da wata Farfesa, dattijuwa Kirista daga tsakiyar ƙasar nan, wadda Hausa ta zauna a bakinta daram. Da na koma gida Nguru na gaya wa mahaifiyata, ta ce, "To, Allah ya ba ka uwar ɗaki. Ka riƙe ta hannu bibbiyu, ban da rashin kunya." Dama ni ma haka na fahimci abin. A inda na taso, in aka haɗa ka da babba, hidima kake masa ka kama bakinka, ranar rabo shi zai tuna da kai.

Sai na zage damtse. In zan dawo daga Nguru sai na riƙo mata bandar kifi. In motarta ta lalace, ni ne a wajen bakanike. In ta fito daga aji in karɓe jakarta, ta hana, in ƙi. Abokina da muke ofis ɗaya har ya raɗa min suna direban Farfesa. Shi kuwa kullum yana gaban nasa malamin suna musu, ya dawo da takardu sun sha jan biro. Ina kallonsa ina cewa a raina, wannan ba shi da tarbiyya.

Abin takaicin, aikin nawa yana nan. Na sha shiga kwalekwale da masunta ina bin kacalla, ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa a fadamar Nguru, bayanai sun cika min kwamfuta. Amma in ɗauki ɗanyen rubutu mai kurakurai in ajiye gaban Farfesa guda? A ganina raini ne. Duk sanda ta ce, "Malam, yaushe zan ga abin da ka rubuta?" sai in sunkuyar da kai in ce, "Ranki ya daɗe, yana nan tafe." Na ɗauka irin tambayar manya ce, kamar a ce maka ya iyali.

Ana nan sai gurbi ɗaya ya faɗo sashenmu, aka kira mu gaban kwamiti, Farfesa tana ciki. Na sha guga na tafi, hankalina kwance. Abokina ya shiga ya baje abin da ya wallafa. Da aka zo kaina, wani dattijo ya ce, "Kai fa, me ka wallafa?" Sai na juya na kalli Farfesa, ina jira ta sa baki. Ita kuwa ta kafa wa tebur ido. Da ƙyar na ce, "Ina kan aiki." Abokina aka ba gurbin.

Kar ku ce na gane kuskurena a ranar. Fushi na yi, na daina leƙa ofishinta, har sai da ta aiko a kira ni.

Na zauna ina cika ina batsewa. Na ce, "Ranki ya daɗe, na zaci za ki ce wani abu a kaina."

Ta ce, "In ce me, Malam? In ce ka iya zaɓen kifi?"

Sai ta sassauta murya. "Duk ranar da ka ce za ka zo, sai in ture aikin gabana in jira ka. Ka shigo, ka gaishe ni, ka tambayi yara, ka tafi. Har na fara tunanin ko don ni mace ce, ko don ba 'yar nan ba ce, shi ya sa ba ka yarda in ga aikinka ba. Saura kaɗan in roƙa a canza maka wani malamin."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Matar da nake ganin ina girmamawa, ashe duk tsawon lokacin nan tana zaune da tunanin na raina ta.

Na ce, "Wallahi girmamawa ce."

Ta ce, "Yanzu na sani. Amma ba don ka girmama ni aka ba ni kai ba."

Daga nan na duƙufa rubutu. Sai dai a ƙarshen zangon nan ta yi ritaya ta koma garinsu, ni kuwa ban haɗa abin nunawa ba. Gurbin ya zo min daga baya, a hannun wani malamin.

Gurbin farko da na rasa ya daina damuna tuntuni. Abin da ban warke daga shi ba shi ne kunyar na samu mai son ta karanta kurakuraina, na hana ta. Da binciken kacalla ya fito, na kira wayarta don in aika mata. 'Yarta ce ta ɗauka, ta gode min sosai, ta ce idon Mama ya daina karatu.